Hoton kyamara yana daskarewa duk bayan minti huɗu, ina mafita?

Auwal Kakuri: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah ɗauki nake nema, aiki ya tsaya mini a wuya. Wani babban sito ne a nan Kakuri, na saka kyamara 48, duka na IP, kowace megafiksel 4. Suwic uku ne, wato akwatunan da ke haɗa wayoyin netwok, masu ba da wuta ta cikin waya, kowane yana ɗauke da kyamara 16, dukansu kuma sun haɗu a babban suwic ɗin da ke ofishin manaja, inda NVR, wato na'urar da ke naɗar hoton kyamarori, take. Mai wurin yana son a riƙa kallo a wuri huɗu: ofishinsa, ofishin manaja, wajen sikeli, sai ɗakin masu gadi da ke tsallaken titi. Da na buɗe allo huɗun gaba ɗaya sai NVR ta fara haki, sai na kunna maltikas a kyamarorin, wato tsarin da kyamara ke aika kwafin hoto ɗaya tak a raba wa duk masu kallo. Nan take firinta ta daina aiki, na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata ta mutu, Wi-Fi ɗin ofis ya koma kamar babu. Na shiga suwic na kunna IGMP Snooping, wato saitin da ke sa suwic ya kai hoto wurin wanda ya nema kawai, komai ya dawo daidai, har na yi hamdala. To yanzu hoto yana fitowa tas, amma bayan ɗan lokaci sai ya daskare. In ka rufe manhajar ka sake buɗewa sai ya dawo, can kuma ya sake tsayawa. Kwana uku ke nan, kuma ba a ba ni cikon kuɗina ba.

Nura Sola: An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Sannu Auwal.

Injiniya Maryam Malali: Wa alaikumus salam. Auwal, "ɗan lokaci" ba amsa ba ce. Ɗauki wayarka ka kunna agogon ƙirga daƙiƙa, ka buɗe kyamara ɗaya, ka gaya mana minti nawa ta yi kafin ta tsaya. Ka maimaita sau uku.

Auwal Kakuri: To Anti, ina wurin ma yanzu. Bari in gwada.

Baba Ilu Tudun Wada: Kafin ya dawo ni dai ina da tambaya. Me ya kai ka maltikas tun farko? Mu da muka fara wannan sana'a da wayar koksiyal da kaset, in ana son hoto a ɗaki biyu sai mu sa abin raba sigina, shi ke nan. Yaran yanzu kuna son duk abin da kuka gani a menu sai kun taɓa shi.

Auwal Kakuri: Na dawo. Na farko minti 4 da daƙiƙa 19, na biyu 4 da 21, na uku 4 da 20. Abin ya ɗaure mini kai, kamar wani ne yake zaune da agogo yana kashewa.

Injiniya Maryam Malali: Ai kuwa akwai mai agogon, suwic ɗinka ne. Minti 4 da daƙiƙa 20 shi ne daƙiƙa 260, kuma wannan lambar duk wanda ya taɓa shan wahalar maltikas ya haddace ta. Ga yadda abin yake. Idan kwamfuta tana son hoton wata kyamara, sai ta aika saƙon IGMP ta ce a sa ni cikin wannan rukuni. Suwic ɗin da aka kunna wa sunufin, wato IGMP Snooping ɗin nan, yana kasa kunne ya ji wannan saƙo, sai ya rubuta cewa fot, wato ramin jona waya, mai lamba kaza yana son rukuni kaza, ya riƙa tura masa shi kaɗai. Amma rubutun ba na har abada ba ne. Dole a samu wani a cikin netwok ɗin da zai riƙa kiran suna kamar malamin aji, duk bayan daƙiƙa 125 ya tambaya, wa ke nan har yanzu? Kwamfutoci su amsa ga mu. In aka yi zagaye biyu na kiran suna, wato 250, da ƙarin daƙiƙa 10 na jiran amsa, ba a ji ɗuriyarka ba, sai a goge sunanka. Kai ka kunna mai rubuta rajista, ba ka naɗa mai kiran suna ba. Kwamfutarka ta yi magana sau ɗaya da ta shigo, ba wanda ya sake tambayarta, ita kuma ta yi shiru, suwic ya ɗauka ta tafi. Nemi inda aka rubuta IGMP Querier ka kunna.

Auwal Kakuri: Allahu Akbar. Na gan shi tun shekaranjiya, na ɗauka wani abu ne na rauta. In kunna a duka suwic huɗun?

Injiniya Maryam Malali: A babban suwic na ofishin manaja. Sunufin a kunna shi a duka huɗun, mai kiran suna kuwa a tsakiya ya kamata ya zauna. Dalili shi ne duk wani hoton maltikas da ya fito daga kyamara, ƙananan suwic suna tura shi zuwa ɓangaren da mai kiran suna yake, ko da mai kallo ko babu. In ka kunna a ko'ina sai su yi zaɓe tsakaninsu, kuma mai adireshin IP mafi ƙanƙanta ne yake ci. Idan tsautsayi ya sa wani ɗan suwic da ke ƙarshen sito ne mai ƙaramar lamba, duk kayan kyamara 48 za su tattara su bi waya ɗaya su nufi can. In kana son na ko-ta-kwana, ka kunna a na biyu amma ka tabbata babban ne mai ƙaramar lamba.

Sagir Rigasa: Anti Maryam ni ɗalibi ne, a yi mini afuwa. Me ya kashe firinta da farko? Ina ruwan firinta da kyamara?

Injiniya Maryam Malali: Yi lissafin da kanka, Sagir. Kyamara 48, in kowace tana fitar da megabit 4 a daƙiƙa, nawa ke nan?

Sagir Rigasa: 192.

Injiniya Maryam Malali: To suwic ɗin da ba a kunna wa sunufin ba, bai san wa ke so wa ba ya so ba, sai ya watsa wa kowane fot, kamar mai shela a kasuwa. Firinta da na'urar dangwale yawanci fot ɗinsu megabit 100 ne. Ka ɗura musu 192. Su kansu kyamarorin fot ɗin 100 gare su, kowace tana ƙoƙarin aika nata hoton ana kuma jibgo mata na 'yan uwanta 47.

Baba Ilu Tudun Wada: Duk na ji, kuma Maryam ba a ja da ke a wannan fanni. Amma ba a amsa tambayata ba. Auwal, allon da ke ɗakin masu gadin nan, kyamara nawa yake nunawa lokaci guda?

Auwal Kakuri: 16 Baba. Talabijin ce inci 43, ta 1080.

Baba Ilu Tudun Wada: Madalla. Allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080, ka raba shi huɗu huɗu. Kowane gida ya tashi 480 da 270. Kai kuma kana tura wa wannan ɗan gidan hoton megafiksel 4, kwamfuta ta sha wahalar warware shi sannan ta matse shi ta zubar da kusan duka. Tirela ka ɗauko don kai buhu ɗaya. Kowace kyamarar nan tana da ƙaramin sitirim, wato hoto na biyu mara nauyi da take fitarwa ban da babban. Sa shi a megabit 1 ko ƙasa da haka. Allo huɗu sau kyamara 16 sau 1, megabit 64 ke nan. NVR ɗinka nawa take iya fitarwa?

Auwal Kakuri: A takardarta an rubuta 160.

Baba Ilu Tudun Wada: Ka gani. Da babban sitirim kana neman 256 a wajen mai 160, dole ta yi haki. Da ƙarami 64 ne, ko gumi ba za ta yi ba. In mai gadi ya danna kyamara ɗaya ta cika allo, manhajar da kanta take komawa babban sitirim. Ba maltikas, ba kiran suna, ba rajista. Kuma ranar da suwic ɗin nan ya ƙone da damina, yaron sito ya je kasuwa ya sayo na dubu kaɗan wanda ba a saita shi ya jona, komai zai ci gaba da aiki. Naka tsarin kuwa ranar nan firinta za ta sake mutuwa, a kira ka da ƙarfe biyun dare.

Nura Sola: Baba ya ajiye sanda ya ɗauko kalkuleta yau.

Kabiru Barnawa: Maganar Baba gaskiya ce a wannan aikin, amma kada yara su ɗauka maltikas wasan banza ne. Na yi aiki a wani wuri mai kyamara sama da 200, da ɗakin sa ido mai bangon talabijin, da wasu ofisoshi shida da ke kallon ƙofofi iri ɗaya a lokaci guda. Ita kyamara ƙaramar kwamfuta ce, akwai iyakar mutanen da take iya ba hoto kai tsaye kafin ta fara tsallake firem. Da yunikas, wato kowa a aika masa nasa kwafin, mutum goma na kallon ƙofa ɗaya, kwafi goma ne ke bin waya. Da maltikas kwafi ɗaya ne, suwic ne yake raba shi a mararraba ta ƙarshe. Kuma hoto yana isowa da wuri fiye da wanda ya biya ta cikin NVR, wanda duk mai juya kyamarar PTZ, wato mai juyawa da zuƙo hoto, da sanda ya san bambancin. Ka juya hagu, hoton ya biyo bayan daƙiƙa biyu, ɓarawo ya riga ya sha kwana.

Baba Ilu Tudun Wada: Kyamara 200 da ma'aikacin netwok mai albashi zaune a wurin, na yarda. Sito a Kakuri mai allo huɗu, ban yarda ba.

Kabiru Barnawa: Baba ai ba mu saɓa ba. Inda kawai zan tsaya kai da fata shi ne, ko da wa zai yi maltikas, kada ya sa naɗin NVR a kansa. Maltikas a kan tsarin aika saƙo na UDP yake tafiya, fakitin da ya faɗi, wato guntun bayanan hoto, ya faɗi ke nan, ba mai sake aiko shi. Kallon kai tsaye in ya ɗan yage ba komai. Amma abin da za a nema ranar da buhu 30 suka ɓace, wannan ya bi TCP mai sake aiko abin da ya faɗi, yunikas, daga kyamara zuwa NVR. Mayar da hoto baya ma yunikas ne ko ana so ko ba a so, tunda kowa lokacin da yake nema daban.

Auwal Kakuri: Na kunna mai kiran suna a babban suwic. Yanzu minti 25 ke nan ba ta tsaya ba. Anti Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Baba na ji maganarka, kuma wallahi da na sani tun farko da haka zan yi. Sai dai wajen sikeli da ofishin mai wurin suna son kyamarorin ƙofa guda 6 a babban sitirim kullum, saboda lambar mota, kuma ya ce bayan sallah zai ƙara allo biyu a sabon sito. Abin da nake tunani, waɗannan 6 su zauna a maltikas, sauran su koma ƙaramin sitirim ta NVR.

Baba Ilu Tudun Wada: Wannan magana ce. Shida ba 48 ba ce.

Auwal Kakuri: Amma akwai saura. Ɗakin masu gadi har yanzu hoton yana yagewa, ya yi toka-toka da kore, musamman in tirela ta shigo. Sauran ukun lafiya lau.

Injiniya Maryam Malali: Ka ce tsallaken titi yake. Da me ka haɗa shi?

Auwal Kakuri: Rediyo ne guda biyu suna kallon juna, na 5 giga. Nisan bai kai mita 150 ba, sigina cike.

Injiniya Maryam Malali: Cikar sigina ba ta taimaka maka a nan. A ƙa'idar Wi-Fi, fakitin yunikas ana aika shi da gudu mafi girma da na'urorin biyu za su iya, wanda ya karɓa ya ce na samu, in bai ce ba a sake aikowa. Maltikas kuwa ana aika shi da gudu na ƙasa don kowa ya ji, a 5 giga yakan sauka har megabit 6, kuma ba mai cewa na samu. Kyamara biyu kacal sun cinye wannan. Shiga saitin rediyon ka nemi wurin da yake mayar da maltikas ya zama yunikas kafin ya hau iska. A na Ubiquiti suna kiransa Multicast Enhancement, a na MikroTik kuma multicast-helper. In za ka bi tawa ma, ɗakin masu gadi ka bar shi a yunikas gaba ɗaya, allo ɗaya ne a can, ba wani kwafi da kake ragewa.

Kabiru Barnawa: Ƙari a kan batun tirela. Kyamara ba ta aika cikakken hoto kowane firem. Takan aika cikakke guda ɗaya, sannan ta bi shi da canje-canje kawai har zuwa cikakke na gaba. In kana firem 25 a daƙiƙa, tazarar kuma 50 ce, duk daƙiƙa biyu ake samun cikakke. Shi wannan cikakken yana iya kai fakiti ɗari ko fiye, kuma a tare suke fitowa kamar an buɗe ƙofar makaranta. Ɗaya ya ɓace, hoton zai zauna a yage har cikakke na gaba ya zo. Shi ya sa megabit 4 da ka gani a takarda matsakaici ne kawai, a cikin ƙiftawar ido abin yana ninka haka sau da yawa. Tirela ta shigo, rabin hoton ya motsa, ga ƙura, bitiret, wato yawan megabit da take fitarwa, ya yi sama in a VBR mai hawa da sauka ka bar shi ba iyaka. Ka sa masa rufi, ko ka mai da shi CBR mai tsayawa wuri ɗaya. Ka rage firem zuwa 15, ƙofar sito ce ba filin ƙwallo ba. In na'urorin kallonka suna iya warware tsarin matse hoto na H.265 ka koma can, yana rage nauyi sosai a kan H.264, sai dai tsohuwar kwamfuta za ta yi zafi.

Nura Sola: Ku jira hunturu ya kankama ma tukuna. Da dare fitilar infrared tana haska ƙura a gaban gilashi, kyamara ta ɗauka duniya ce gaba ɗaya ke motsi. Na ga wadda ke cin megabit 2 da rana ta haura 8 da dare a Mando, ba kowa a wurin sai ƙura da yanar gizo-gizo. Tsumma da tsani sun gyara abin da injiniya biyu suka kasa.

Sagir Rigasa: Oga Kabiru, to wane adireshi ake ba rukunin? Ni a inda nake koyon aiki na ga duk kyamarorin an bar su a lamba ɗaya da suka zo da ita.

Kabiru Barnawa: Wannan kuskure ne babba. In kyamara goma suna rukuni ɗaya, wanda ya nemi ɗaya goma za a kawo masa, in fot ɗinsu ma ɗaya ne hotunan su cakuɗe. Kowace kyamara da nata adireshin. Filin maltikas daga 224.0.0.0 ne zuwa 239.255.255.255, kuma wanda aka ware don amfanin cikin gida shi ne mai farawa da 239.

Auwal Kakuri: Ni na ba su 239.0.0.1 har zuwa 239.0.0.48.

Injiniya Maryam Malali: Canza su yau ɗin nan. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Idan za a mai da adireshin maltikas zuwa adireshin MAC, wato lambar da suwic ke gane na'ura da ita, bit 23 na ƙarshe kawai ake ɗauka, saboda haka adireshi 32 daban-daban suna faɗawa kan MAC ɗaya. 239.0.0.5 da 224.0.0.5 a idon suwic mai duba MAC abu ɗaya ne. Shi kuwa layin 224.0.0 an keɓe shi don saƙonnin na'urorin netwok, ƙa'ida ce a watsa shi ko'ina, sunufin ba ya taɓa shi. Wasu suwic ɗin suna duba IP, su ba ruwansu, wasu kuma za su watsa hotonka kowane fot kana zaune kana rantsuwa ka kunna sunufin. Ka guji 239.0.0 da 239.128.0. Yi amfani da irin 239.10.1.1 zuwa sama, lambar ƙarshe ta dace da lambar kyamara don kada ka ruɗe.

Auwal Kakuri: Ikon Allah. To ashe shi ya sa fitilun ɗaya daga cikin ƙananan suwic ɗin suke ƙiftawa gaba ɗaya kamar na biki, har fot ɗin da wayar tarho kawai ke jone. Shi daban ne da sauran, wanda na samu a kasuwa ne da kaya suka ƙare.

Injiniya Maryam Malali: Ga yadda za ka tabbatar ba tare da zato ba. Jona laftof a wani fot na wannan suwic, kada ka buɗe kowace kyamara, ka kunna Wireshark, manhajar da ke nuna duk abin da ke bin waya. In ka ga UDP na kwarara zuwa 239, ana watsawa. In ka tace da igmp kuma, ya kamata ka ga kiran suna yana zuwa duk bayan daƙiƙa 125 daga adireshin babban suwic. In daga wani adireshi yake zuwa, wani ya ci zaɓe ba da saninka ba. Sannan ka raba kyamarori da kayan ofis, kowa da VLAN ɗinsa, wato keɓaɓɓen ɓangarensa a cikin suwic, ko da wata rana abu ya kwance firinta ba za ta sani ba.

Kabiru Barnawa: Sai dai a kula, in aka raba VLAN, maltikas ba ya tsallakawa da kansa. Ko dai kwamfutocin kallo su zauna a VLAN ɗin kyamara, wanda shi ne mai sauƙi, ko a kunna PIM, mai tsallakar da maltikas, a suwic mai iya aikin rauta, a kuma ɗaga TTL, wato lambar da ke raguwa a kowace rauta, a kyamara ya wuce 1, don mai 1 a rauta ta farko yake mutuwa. Auwal kai dai bi mai sauƙin.

Sagir Rigasa: Mai wurin in yana Abuja yana kallo a waya fa, maltikas ɗin zai rage masa cin data?

Kabiru Barnawa: Ko kaɗan. Maltikas ɗinka a bakin ƙofar sito yake tsayawa, kamfanonin layi ba sa wucewa da shi. Na waya yunikas ne, ƙaramin sitirim za a sa masa.

Nura Sola: Tawa ɗaya ce, tunda ni mai wuta ne. Babban suwic ɗin nan da ya zama mai kiran suna, a kan me yake? In an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, shi ma ɗaukewa yake?

Auwal Kakuri: NVR da babban suwic suna kan inbata. Ƙananan biyu ma haka. Na ukun ne dai yake kan layin sito kai tsaye.

Nura Sola: To kyamara 16 suna makancewa duk canjin wuta, mai wurin bai lura ba ne kawai. Kawo shi kan inbata. In batirin ba zai ɗauka ba ka kira ni, farashin 'yan zaure daban ne.

Baba Ilu Tudun Wada: Nura ba ya barin kasuwa ta wuce shi.

Auwal Kakuri: Salam, ga rahoton safiyar yau. Kyamarorin ƙofa 6 suna maltikas a 239.10.1, firem 15, na sa wa bitiret rufi. Sauran 42 ƙaramin sitirim ta NVR kamar yadda Baba ya ce. Ɗakin masu gadi na mai da shi yunikas gaba ɗaya. Tun magariba jiya har yanzu ba abin da ya tsaya, tirela huɗu sun shiga da safe, lambobinsu sun fito raɗau. Wireshark ma shiru a fot ɗin da ba kowa. Kyamara ta 31 ce kawai take ɗaukewa da dare ta dawo da asuba.

Baba Ilu Tudun Wada: Wannan ba IGMP ba ne, wannan nawa fannin ne. Da dare fitilarta ke kunnuwa ta ƙara jan wuta. Mita nawa ce wayarta, kuma ka kankare ta da wuƙa ka gani? In cikin ya fito fari, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Auwal Kakuri: Za ta kai mita 95. Kwalin ƙarshe ne da na saya da araha. Bari in samo tsani in yanko guntu in turo hoto.